Haƙƙin Mace Bayan Saki: Yadda Alƙali Ke Yanke Ciyarwa, Masauki da Kuɗin Yara

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin matan da aurensu ya mutu, da iyayensu, da mazan da sammaci ya iske. Amsoshin sun bi mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na arewacin Nijeriya ke hukunci da ita, sai inda aka ambaci wata doka daban. Abin da ya sa na tattara su shi ne yawan matan da na ga sun yi asarar haƙƙinsu ba tare da an kayar da su a gaban alƙali ba. Ba su ma san akwai haƙƙin ba, balle su nema.

Wace kotu ce ke sauraron maganar ciyarwa bayan saki?

Irin auren ne ke nuna kotun. Auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu, maganarsa tana gaban kotun Musulunci a jihohi irin su Kano, Zamfara, Sakkwato da Katsina. A wurare irin su Abuja da Kwara kuwa kotun yanki ce ke wannan aiki, ita ma da fiƙihun Malikiyya. Littattafan da alƙalai suka fi jingina da su su ne Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shehu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim.

Hisba, da mai unguwa, da limamin unguwa sulhu suke yi, kuma sau da yawa sulhun ya fi sauri da rufin asiri. Amma ba su da ikon tilasta wa wanda ya ƙi biya. In an yi sulhu, a rubuta shi, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, don takardar za ta yi amfani in magana ta kai kotu. Wanda ya yi auren rajista ya duba amsar da ke kusa da ƙarshe.

Har yaushe tsohon miji zai ci gaba da ciyar da matar da ya saka?

Har idda ta cika. Masu jin labarin Ingila da Amurka, inda kotu kan ɗora wa mutum biyan tsohuwar matarsa shekara da shekaru, su sani nan ba haka ba ne. Igiyar aure ce ke wajabta ciyar da mace, ranar da ta gama tsinkewa nauyin ya sauka. Na yara kuwa yana nan daram, kuma yana da tasa amsar a ƙasa.

Mai ganin al'ada tsarki uku za ta yi, kuma tsarkin da aka sake ta a cikinsa shi ne na farko. Wadda ta daina al'ada wata 3. Mai ciki sai ta haihu, ko gobe ne, ko nan da wata 8. Mai shayarwar da jini ya ɗauke mata saboda goyo ba wata 3 za ta ƙirga ba, jiran dawowarsa za ta yi, don haka iddarta na iya yin tsawo fiye da yadda mijin ya zata. A kan cikar idda maganar mace ake kamawa, muddin abin da ta faɗa mai yiwuwa ne. Wadda aka saka kafin tarewa ba ta da idda, rabin sadakin da aka yanka ne nata.

Saki ɗaya da saki uku, haƙƙin iri ɗaya ne?

A'a. A saki ɗaya ko biyu, wanda miji ke da damar kome, mace tana nan a matsayin matarsa har idda ta ƙare: ci, sha, sutura, sabulu, wurin kwana, duk suna wuyansa kamar ba a yi sakin ba. A sakin da babu kome, wato saki na uku ko hul'i (inda mace ta fanshi kanta daga auren), Malikiyya ta ba ta masauki kawai har ƙarshen idda, ban da ciyarwa, sai in tana da ciki.

Malamai sun saɓa a nan. Hanafiyya sun ba ta ciyarwa da masauki duka, Hambaliyya sun hana ta duka biyun saboda hadisin Faɗima bint Ƙais, wadda aka yi wa saki uku, Annabi (SAW) bai yanka mata ciyarwa ko masauki ba. Shi ya sa za ki ji wa'azi a rediyo ya faɗi wani abu, ki je kotu ki ji wani. Alƙalin ba zalunci ya yi ba, mazhabarsa ya bi.

An ba ni takarda, na kwashe kayana na koma gidanmu a daren. Na zubar da haƙƙina ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma ita ta fi ci mini rai. Na ga irinta da idona a maƙwabtanmu. Bayan sallar isha'i aka miƙa wa yarinyar falle ɗaya da aka yago daga littafin makarantar yaro, layi biyu a jiki. Kafin ƙarfe goma mai adaidaita sahu na ƙofar gida, an ɗora akwati da ƙullin kwanuka, goyo a bayanta, mahaifiyarta na cewa, "Taso mu tafi, 'yar nan, ba a gaji da ke a gida ba." Kowa a wurin gani yake an kare mutunci. A gaskiya kuwa an sauke wa mijin nauyin wata biyu zuwa uku ne, aka jibga wa tsohon da ke fama da kansa.

Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, ta kuma hana su fita. A ɗakinta ake idda. Don haka abin da alƙali zai fara tambaya shi ne: fita kika yi ko fitar da ke aka yi? In korar ki aka yi, ko aka kulle ɗakin, ko zaman ya zama da haɗari saboda duka ko barazana, haƙƙinki bai faɗi ba, kuma kotu na iya ɗora masa kuɗin inda kika zauna. In kuwa don zuciya kika fita ba wani uzuri, mijin zai sami hujjar cewa ɗaki na nan, ke kika ƙi shi.

Wadda aka kora ta riƙe sunayen waɗanda suka gani, ta adana takardar sakin da duk wani saƙon waya. Iyaye kuma, don Allah, kafin a kira mai mota a kira malami.

Da wane ma'auni alƙali ke yanke adadin kuɗin?

Babu wani adadi da aka rubuta wa kowa da kowa. Aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Halil ya zayyana abin dubawa guda huɗu: ƙarfin miji, matsayin matar, garin da ake zaune, da farashin kaya a lokacin. Saboda haka abin da za a yanka wa ɗan kasuwar Kantin Kwari daban yake da na manomin da ke jiran kaka, ko da yawan yaransu ɗaya.

A zauren kotu abin ba ya wuce tambayoyi na yau da kullum. "Malam, mece ce sana'arka?" "Allah gafarta Malam, ina ɗan taɓa saye da sayarwa." "A shago ko a tebur? Mata nawa gare ka? Kwano nawa ake aunawa a gidanka a rana? Nawa kake bayarwa na cefane?" Sai a juya ga matar: "Malama, haka ne?" Daga abin da aka saba ci a gidan tun ana zaman lafiya alƙali ke gina ƙiyasinsa. Yana iya yanka kuɗi, yana iya yanka hatsi da kuɗin cefane, yana iya cewa duk wata ko duk mako, gwargwadon yadda samun mutumin ke shigowa.

Macen da ta je da lissafi a rubuce ta fi wadda ta je da kuka kawai samun biyan bukata. Rubuta abin da yara ke ci a wata, kuɗin makarantar boko na kowane zango, na Islamiyya, magani, sabulu, gawayi ko gas, ki haɗa da rasit in akwai.

Ya ce ba shi da hali. Shi ke nan an sallame shi?

Faɗa da baki ba ta isa ba. Wanda aka san shi da shago ko albashi ko gona, in ya yi da'awar talauci, shi zai kawo shaidu, kuma ana iya rantsar da shi. Ke ma kina da damar nuna akasin haka: inda yake aiki, motar da yake hawa, ko lefen da ake haɗawa na sabon aure. Wannan na ƙarshe hujja ce mai ƙarfi, domin mai kuɗin akwatuna ba zai ce ya rasa na koko ba.

In talaucin ya tabbata, ciyarwar matar ta wannan lokaci ta faɗi a Malikiyya, ba ta zama bashi. Na yara ma mawadacin uba ake ɗora wa, gwargwadon abin da ya rage bayan bukatarsa ta dole. Ranar da ya samu kuwa, a koma kotu a sake dubawa.

Ina da ciki lokacin da ya sake ni. Me ya hau kansa?

Ciyarwa da sutura da masauki har ki haihu, ko da saki uku ne, ko da hul'i ne, matuƙar ba ki yafe wannan a yarjejeniyar hul'in ba. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ce ta yanke haka. Bayan haihuwa idda ta ƙare, sai a shiga babin jariri: ciyar da shi na uba ne, kuma tunda ba aure a tsakaninku, kina iya neman ladan shayarwa, kamar yadda ayar ta ce a ba masu shayarwa ladansu. Mata kaɗan ne ke neman wannan, wasu don kunya, wasu don ba su taɓa ji ba. Cikakken wa'adin shayarwa shekara 2 ne.

Ina da albashi da 'yar sana'ata. Wannan zai rage abin da zai biya?

Ba zai rage ba. Ba don talaucin mace aka wajabta ciyar da ita ba, kuma dukiyarta tata ce. A Malikiyya ba a ɗora wa uwa ciyar da 'ya'ya ko da ta fi uban samu. Abin da ta kashe musu, ko dai kyauta ce, ko bashi a kan uban, kuma bambancin yana cikin amsar da ke magana kan kuɗin baya.

Ni na nemi rabuwa. Ina da wani abu?

Sai an duba ta wace ƙofa aka rabu. In hul'i ne, wato kin fanshi kanki da mayar da sadaki ko abin da kuka daidaita, kamar yadda matar Sabit bin Ƙais ta mayar masa da gonarsa a zamanin Annabi (SAW), to kina da masaukin idda ne kawai, sai ciyarwa in akwai ciki. Kuɗin yara yana nan a kan ubansu. A lura da kyau da abin da ake rubutawa a takardar hul'i, domin Malikiyya ta yarda mace ta ɗauke wa miji ciyar da jariri na lokacin shayarwa a matsayin fansa. Mace ta gaji, tana so kawai ta tsira, sai ta ce ta yarda da komai, bayan wata 6 ta gane abin da ta sa wa hannu.

In kuwa cutarwa ce ta kore ki, kamar duka, zagi na cin mutunci, ko rashin ci da sha, ba hul'i ya kamata ki fara nema ba. Alƙali na da ikon raba auren saboda cuta ba tare da kin biya ko sisi ba, in shaidu sun tabbatar. Har ma wadda ta riga ta biya, in ta tabbatar cewa cutarwa ce ta tilasta ta, tana iya karɓo abinta. Lauyoyin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da na ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA na taimaka wa marasa hali a irin wannan.

Mene ne mut'ar saki, kuma kotu na tilasta ta?

Kyautar sallama ce da miji ke ba matar da ya saka don rage mata raɗaɗi, ba ta da alaƙa da abin da ake kira auren mutu'a. Suratul Baƙara ta ambace ta a aya ta 236 da ta 241. Shafi'iyya sun ce wajibi ce. Malikiyya sun ce mustahabbi ce, Risala ma ta faɗa a sarari cewa ya kamata mai saki ya bayar amma ba a tilasta shi. Shi ya sa alƙali a nan kan yi wa miji nasiha a kai, ba ya yanka masa ita kamar bashi. Mai hul'i ba ta cikin masu samunta.

A ganina nan ne babban giɓin yake. Mace ta yi shekara 25 a gida, ta haifi takwas, ƙuruciyarta ta ƙare a bakin murhu, a sallame ta da abincin wata uku? Wasu ƙasashen Musulmi sun duba wannan sun gyara. Masar tun 1985 ta wajabta mut'ar da ba ta gaza ciyarwar shekara 2 ba ga wadda aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sa a dokar iyalinta ta 2004 cewa alƙali ya ƙiyasta mut'a bisa daɗewar auren, da ƙarfin miji, da dalilin sakin. Ba daga wajen Musulunci suka ɗauko ba, ra'ayin da ke cikin fiƙihu suka zaɓa. Majalisun jihohinmu da malamanmu na da wannan damar. Kafin nan, mai zuwa sulhu ta sa maganar mut'a a teburi, domin abin da miji ya yi alkawari a rubuce ya fi sauƙin nema.

Wa zai riƙe yara, wa zai ciyar da su, kuma har yaushe?

Riƙo daban, ciyarwa daban. Al'ada ta saba cewa da an yaye yaro uba ya aiko a ɗauke shi, amma a Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Ciyarwa kuwa ta uba ce a duk inda yaran suke: namiji har ya balaga yana iya nema da kansa, mace har ta tare a gidan miji. Yaron da ke da naƙasar da ta hana shi nema, nauyinsa ba ya sauka da balaga.

Maganar nan ta "in kina son kuɗi ki kawo mini 'ya'yana" ba ta da gindi a kotu. Uba na da haƙƙin ganin 'ya'yansa da sa ido kan tarbiyya da karatunsu, amma ba zai mayar da abincinsu abin ciniki ba. Kuɗin a hannun mai riƙo ake damƙawa, kuma ya haɗa da sutura da rabon yaran na wurin kwana.

In na yi wani aure fa?

Kuɗin yara ba ya tsayawa, don sabon miji ba shi aka ɗora wa 'ya'yan wani ba. Abin da kan sauya shi ne riƙo. In kika tare da mijin da ba muharramin yaron ba ne, riƙo na barin hannunki, amma ba kai tsaye ya koma wa uba ba. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yan'uwan uwa mata, kafin a zo ɓangaren uba. Duk wadda ta karɓa, ita uban zai riƙa bai wa.

Ya yi shekara biyu bai aiko da ko ƙwayar hatsi ba. Zan iya neman kuɗin baya?

A nan jinkiri ke cin mutane. Ciyarwar ke kanki ta lokacin aure ko idda, in yana da hali ya ƙi, bashi ce a kansa ko an daɗe. Amma akwai wuyar tabbatarwa: in yana gari kuna gida ɗaya ya ce ya ciyar, maganarsa ake kamawa da rantsuwa. In tafiya ya yi ya bar ki, ana kama taki maganar ne daga ranar da kika kai kuka gaban alƙali.

Na yara ya fi tsauri. Ƙa'idar ita ce ciyarwar 'ya'ya na faɗuwa da wucewar lokaci, don an yi ta ne saboda yunwar ranar, sai a hali biyu: in alƙali ya riga ya yanka ta, ko in wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, uban kuma yana da hali a lokacin. Za a iya rantsar da ke a kan wannan niyya. Saboda haka haƙurin shekara biyu ana cewa "bari mu ga ko zai tuna da su" na iya zama kyautar da ba ki yi niyya ba. Ki sanar da shaidu biyu cewa abin da kike kashewa bashi ne, ki riƙa rubutawa, ki kuma shigar da ƙara da wuri ko da ba ki son rigima.

Kayan ɗakina fa, da kuɗin da na zuba a ginin gidansa?

Sadaki da kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki naki ne, haka ma ragowar sadakin da bai cika ba bashi ne. In an yi jayayya kan wani kaya ba shaida, abin da aka saba na mata ne a ba mace da rantsuwa, na maza a ba namiji. Shari'ar Musulunci ba ta raba dukiyar miji biyu saboda saki. Amma in kin ɗauki adashi kin sayi bulo, ko kin sayar da ɗan kunnen gwal an yi rufi, wannan da'awa ce ta bashi ko tarayya, kuma sai da hujja: shaidar tura kuɗi ta banki, maginin da ya karɓa a hannunki, ko uwar adashi.

Ya rasu ina cikin idda. Yaya ke nan?

In sakin kome ne, kina da gado, sumuni (ɗaya bisa takwas) in yana da 'ya'ya, rubu'i (ɗaya bisa huɗu) in babu, tare da sauran matansa, kuma za ki koma takaba ta wata 4 da kwana 10, ko haihuwa in da ciki. In babu kome, babu gado, sai in ya yi sakin ne yana cikin ciwon ajali. A wannan hali Malikiyya ta ba ki gado ko da idda ta riga ta cika.

Mu auren rajista muka yi. Hukuncin ɗaya ne?

Daban ne. Auren da aka yi a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, a ofishin rajista ko a cocin da ke da lasisi, babbar kotun jiha ce ke raba shi bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Sashe na 70 ya ce kotu ta duba dukiyar kowannensu, da ƙarfinsa na nema, da halin da ya nuna a zaman auren. Babu iyakar idda, miji ma na iya nema daga matarsa, sashe na 72 kuma ya ba kotu ikon daidaita kadarori. Kuɗin yara kan ci gaba har shekara 21.

An yanke hukunci ya ƙi biya, ko kuma kuɗin ya daina isa. Ina zan nufa?

Kotun da ta yanke za ki koma. Za a sake aika masa sammaci, kuma alƙali na da ikon sa a kama kadararsa ko a tsare shi in ya tabbata yana da shi taurin kai ne kawai, domin hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Tun farko ki roƙi a riƙa biya ta hannun rajistaran kotu ko ta asusun banki, don kada a wayi gari ana "na ba ta", "bai ba ni ba". Tunda farashi na cikin ma'auni, adadin ma ana sake duba shi. Abin da aka yanka kafin cire tallafin man fetur a 2023 ba ya sayen abin da yake saye a da, kuma wannan kaɗai dalili ne na neman ƙari. Shi ma uban, in samunsa ya karye, yana iya neman ragi.

Wanda hukuncin bai gamsar ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Musulunci, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin al'amuran aure da riƙon yara. Wa'adin gajere ne, don haka a ranar hukuncin a tambayi rajistara kwana nawa ne, a kuma nemi kwafin shari'ar. Abu na farko da za a duba a ciki shi ne ko an yi i'izari, wato ko alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa, a gaban shaidu, ko yana da sauran magana kafin a yanke. Rashin wannan tambaya kaɗai na iya sa kotun sama ta rushe hukuncin ta ce a sake shari'ar daga farko.